Daren da Auta ya cinye duniya

Ni na jawo wa kaina, don ba wanda ya aike ni. 'Yata da ke aji ɗaya a ƙaramar sakandare ta dawo da aikin gida, wai a bayyana yadda dare da rana ke samuwa. Uwarta ta ce a bari sai gobe a tambayi malaminsu. Na gyara zama na ce haba, ina gidan nan? A kawo min lemu da tocila. Dama an ɗauke wuta, tsakar gida duhu dunɗum.

Na soke lemun da tsinken tsire, na ɗan karkata shi, na ce ga duniya, haka take a karkace da digiri 23 da rabi, tocila kuma ita ce rana. Na ɗiga Kano da biro, na shiga murza tsinken daga yamma zuwa gabas. Inda haske ya taɓa rana ce, bayansa dare, zagaye ɗaya awa 24.

Ashe Hajiya, mahaifiyata, tana kan tabarma tana jinmu. Ta ajiye carbi.

"Kai, yanzu ƙasar nan da nake zaune a kanta ce ke juyawa?"

Na ce ƙwarai kuwa Hajiya, a daidai layin da ya raba ta kudu da arewa ma gudun ya haura kilomita 1,600 a awa.

"To me ya hana ruwan randa zubewa? Kuma shekara arba'in ƙofar ɗakina gabas take kallo, ban taɓa tashi na ganta a yamma ba."

Gumi ya keto min. Na ce ai da ke da randar da gabas ɗin duk tare ake tafiya, kamar shayin da aka ba ki a jirgi bai zube ba. Ta taɓe baki. Sai na tuno da Umrarta ta azumi, ranar da ta bugo waya sun sha ruwa, mu ko ba mu daɗe da idar da la'asar ba. Na ce Makka tana gabas da mu da kusan digiri 30, kowane 15 awa guda ne, shi ya sa rana ke riga faɗuwa a can da awa biyu. Ta ce wannan kuma albarkar Makka ce, kada in sa mata boko a ciki.

Garin wannan musu na ajiye lemun a bakin turmi. Da na zo bayanin yadda duniya ke kewaya rana a kwana 365 da 'yan awoyi, na laluba, wayam. Na haska tocila, sai ga Auta a bayan turmi, ruwan lemu har gwiwar hannu. Ya gama da Kano da kewaye, tsinken kawai ya miƙo min.

Yau kwana tara ke nan, duk safiya in na durƙusa gaishe ta, sai Hajiya ta leƙa ƙofa tukuna ta ce, "Malam mai duniya, yau ma dai gabas take."