Southport: Fushin da ya nufi masallaci tun kafin a san sunan mai laifi

Ranar Litinin 29 ga Yulin 2024 wani matashi mai shekara 17 ya kutsa ɗakin da ake koya wa yara rawa a garin Southport, arewa maso yammacin Ingila, da wuƙa a hannunsa. Ya kashe yara mata uku, 'yar shekara 6 da 'yar 7 da 'yar 9, ya kuma raunata wasu yara takwas da manya biyu. Washegari da yamma mutanen gari suka taru don jimami. Ba a jima da watsewa ba sai wani gungu ya nufi masallacin garin. Suka rurrushe katangun gidajen makwabta suna ɗibar bulo suna jifa, suka cinna wa motar 'yan sanda wuta, suka jikkata jami'ai fiye da 50. Shugaban masallacin da wasu mutane ƙalilan suna ciki sun kulle ƙofa, suna jin gilasan tagogi na tarwatsewa.

A wannan daren babu ko mutum ɗaya cikin masu jifan da ya san sunan maharin. Dokar Ingila ta hana a bayyana sunan wanda ake tuhuma in bai kai shekara 18 ba, don haka abin da 'yan sanda suka iya faɗa shi ne shekarunsa da kuma cewa a Cardiff, wani birni a Birtaniya, aka haife shi. Wannan ɗan shirun na hukuma shi ne aka cike da ƙarya. Sa'o'i kaɗan bayan harin wani ƙirƙirarren suna mai kama da na Larabawa ya fara yawo a X da Facebook, ana cewa mai neman mafaka ne da ya tsallako teku a kwalekwale. Wani shafi mai suna Channel3 Now, wanda ya yi shiga irin ta gidan jarida, ya buga sunan, masu mabiya dubbai suka ɗauka suka yaɗa. Nigel Farage, ɗan siyasar da ya yi suna da adawa da shigowar baƙi, kuma ɗan majalisar dokoki, ya fito a bidiyo yana tambaya ko ana ɓoye wa jama'a gaskiya. Bai ce Musulmi ne ba, amma duk mai sauraro ya gane inda tambayar ta dosa.

Mutane da yawa suna ba da labarin nan a matsayin darasi kan illar labaran ƙarya a intanet. Ni ina ganin wannan bayanin ya yi wa masu tarzomar sassauci. Ranar 1 ga Agusta alƙali ya ba da izinin a faɗi sunan yaron: Axel Rudakubana, haifaffen Birtaniya, iyayensa Kiristoci ne 'yan asalin Ruwanda. Da a ce ruɗarsu aka yi, ai ranar ya kamata kowa ya koma gida da kunya. Sai abin ya ƙara ƙamari. Ranar 2 ga wata aka yi ɓarna a Sunderland. Ranar 4 aka kewaye wani otal a wajen Rotherham da ke ɗauke da masu neman mafaka kimanin 200, aka tura kwandon shara mai ci da wuta bakin ƙofa da nufin ƙona ginin da mutanen da ke ciki. A Middlesbrough an ga matasa suna tare motoci suna tambayar direbobi ko su farare ne, Turawan Ingila. A Burnley an watsa fenti a kan kaburburan Musulmi. Uwar ɗaya daga cikin yaran da aka kashe ta roƙi a daina, ba a saurare ta ba. Mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki. Ƙiyayyar tana nan tun kafin yaran su mutu, mutuwarsu ta ba ta ranar fita ne kawai.

Ba zan yi kamar tsoron Turawan ba shi da tushe ba, domin yin hakan rainin hankali ne. Ranar 7 ga Yulin 2005 'yan ƙunar baƙin wake huɗu, uku daga cikinsu haifaffun Ingila, sun kashe mutum 52 a jiragen ƙasa da bas a Landan. A watan Mayun 2017 wani ya tayar da bam a ƙofar zauren Manchester Arena, mutum 22 suka mutu, da yawansu yara da matasa. A 2013 wasu mutum biyu 'yan asalin Najeriya suka kashe soja Lee Rigby da rana tsaka a kan titi a unguwar Woolwich ta Landan. Dukkansu sun ce da sunan Musulunci suka yi, kuma faɗin cewa "ai ba Musulmi ba ne" ba ya dawo da rai ko ɗaya, ba ya kuma gamsar da uban da ya binne 'yarsa. Ga kuma abin kunyar Rotherham, inda rahoton da aka fitar a 2014 ya ƙiyasta cewa an yi lalata da yara kimanin 1,400 cikin shekaru 16, akasarin masu laifin 'yan asalin Pakistan ne, hukumomi kuma suka yi ta kau da kai. Tun daga nan duk lokacin da 'yan sanda suka yi shiru, wasu sai su ɗauka rufa-rufa ce. Hukumomin ne suka jawo wa kansu wannan rashin yardar.

Shari'ar Southport ɗin ma ba ta zo a miƙe ba. A watan Oktoban 2024 aka ƙara tuhumar Rudakubana da haɗa gubar risin da kuma mallakar wata takarda kan littafin horon Al-Ƙa'ida. Nan take masu tarzoma da magoya bayansu suka ce ga shi, dama sun faɗa. Amma da aka yanke masa hukunci a Janairun 2025, na zama aƙalla shekara 52 a kurkuku, kotu ta ce babu hujjar cewa ya yi kisan don wata aƙida ta addini ko siyasa. Yaro ne da son zubar da jini ya mamaye wa zuciya, yana tattara duk abin da ya shafi kisan kiyashi da yaƙe-yaƙe ko daga ina ya fito. Sau uku aka kai rahotonsa ga shirin gwamnati na hana tsattsauran ra'ayi, Prevent, sau uku aka rufe fayil ɗin.

To a ƙaddara ma Musulmi ne. A nan ne nake ganin har masu kare Musulmin suka yi tuntuɓe. Sun dage a kan cewa "ai ba Musulmi ba ne", kamar dai da a ce shi ne, jifan masallacin zai zama da hujja. Musulmin Ingila da Wales sun kai miliyan 3.9 a ƙidayar 2021. Cikinsu akwai likitocin asibitocin gwamnati, direbobin tasi, masu shagunan unguwa, da magajin garin Landan. Wane lissafi ne zai ɗora wa dattijon da ya zo sallar isha'i a Southport alhakin wuƙar wani da bai taɓa gani ba?

Wannan lissafin ba kowa ake yi wa ba. A 2011 Anders Breivik ya kashe mutum 77 a Norway, kuma a sa'o'in farko masu sharhi a talabijin sun yi ta ambaton masu iƙirarin jihadi. Da ta bayyana Bature ne mai ƙin Musulmi, sai ya koma mutum guda mai suna da tarihi, aka shiga binciken lafiyar ƙwaƙwalwarsa da yadda ya taso. Haka aka yi a Oklahoma a 1995, inda aka fara zargin mutanen Gabas ta Tsakiya kafin a kama Timothy McVeigh, tsohon sojan Amurka, da laifin kashe mutum 168. Da wani Bature ɗan Ostareliya ya harbe masallata 51 a Christchurch ta ƙasar New Zealand a 2019, babu wanda ya nemi fararen Ostareliya su fito su nemi afuwa, kuma daidai ne da ba a nema ba. Musulmi ne kaɗai ake sa ran zai riƙa yin Allah wadai bayan kowane hari, in ya yi a ce na baka ne, in bai yi ba a ce yana goyon baya. Majalisun Musulmin Birtaniya sun yi ta fitar da irin waɗannan sanarwa shekara da shekaru, amma sanarwa ba ta taɓa tare bulo ba.

Abin da ya fi tasiri shi ne aiki. A 2017 wani mutum ya tuƙa mota cikin masallata a unguwar Finsbury Park ta Landan, mutum ɗaya ya rasu. Jama'a suka cafke direban, liman Mohammed Mahmoud ya tsaya a kansa ya hana a taɓa shi har 'yan sanda suka iso. A 2024 kuwa, da masu zanga-zanga suka taru a gaban masallacin Abdullah Quilliam na Liverpool, wanda ke cikin mafi tsufa a ƙasar, mutanen masallacin suka jira ƙura ta lafa, suka tsallaka titi da abinci suka miƙa musu, aka tsaya aka yi magana. A Southport ɗin kuma, da gari ya waye magina da makwabta, waɗanda yawancinsu ba Musulmi ba ne, suka fito da tsintsiya da siminti suka gyara katangar masallacin. Kotuna ma ba su yi jinkiri ba: an kama mutum fiye da 1,000, wasu daga cikin waɗanda suka so ƙona otal ɗin Rotherham sun samu shekara 9.

Gwamnatin Najeriya ta gargaɗi 'yan ƙasarta da ke shirin zuwa Birtaniya a wancan makon, kuma da yawa a nan sun yi ta tir da Turawa. Amma mu mun san wannan cutar ta fuska biyu. A watan Yunin 2014 sojoji suka tare matafiya 486 'yan Arewa a jihar Abia bisa zargin 'yan Boko Haram ne, alhali watanni kaɗan bayan haka aka kashe fiye da mutum 100 a babban masallacin Juma'a na Kano. Waɗanda ake kashewa su ne kuma ake zargi. A watan Maris na 2025 aka ƙona mafarauta 16 a Uromi, suna hanyar komawa Kano yin sallah, saboda an ga bindigogin farauta a motarsu an ce masu garkuwa da mutane ne. Ɗaya fuskar ita ce ba mu cika son ambata ba. A Fabrairun 2006, saboda zanen ɓatanci da aka buga a Denmak, aka ƙona coci-coci a Maiduguri aka kashe Kiristocin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sannan Onitsha ta rama a kan 'yan Arewa masu neman abinci. Yau kuma a Zamfara da Katsina, Bafulatanin da ya shigo kasuwa sayar da nono ko akuya yana ɗauke da laifin 'yan bindigar da wataƙila shi ma sun kore masa shanu. Wanda ya ji zafin Southport amma bai ji na wannan ba, ba zalunci yake ƙi ba, yana ƙin a yi wa nasa ne.

'Yan sandan Birtaniya sun ɗauki nasu darasin, ko da yake ina shakkar shi ne daidai. A watan Mayun 2025 wata mota ta afka cikin magoya bayan ƙungiyar Liverpool da ke bikin cin kofi, cikin sa'o'i kaɗan aka sanar cewa direban farar fata ne ɗan Birtaniya mai shekara 53. Gari ya zauna lafiya. Daga baya aka fitar da ƙa'ida da ta ba 'yan sanda damar faɗin asali da ƙasar wanda ake tuhuma a manyan laifuka. Saurin faɗin gaskiya abu ne mai kyau, amma wannan dabarar tana aiki ne kawai ranar da amsar ta zama "ba Musulmi ba ne". Ranar 2 ga Oktoban 2025 wani ɗan Birtaniya mai asali da Siriya ya kai hari wurin ibadar Yahudawa a Manchester, a rana mafi tsarki a wurinsu, mutum biyu suka rasa rayukansu. Shugabannin Musulmi suka yi Allah wadai kamar yadda suka saba. Bayan kwana biyu aka zuba fetur a ƙofar wani masallaci a Peacehaven, can gaɓar tekun kudu, ɗaruruwan kilomita daga Manchester, aka kunna masa wuta da mutum biyu a ciki.