Abin da nake nema a hoton laimar kwaɗi da tsirran daji

Da zarar damina ta kankama, ƙasa ta sha ruwa, hotunan laimar kwaɗi da furannin daji sukan cika kafofin sada zumunta, kuma ina cikin masu murna da hakan, domin alama ce ta cewa masu fita yawon tattaki sun fara sunkuyawa suna duban abin da ke gefen turba. Sai dai akwai abin da ya daɗe yana damuna game da yawancin waɗannan hotuna. Ana ɗaukar su ne daga sama, mutum yana tsaye, ya kamo hular laimar da kyawun launinta, sannan ya tambaya wace iri ce wannan, ko kuma ana cin ta. Irin wannan hoto, komai kyansa, ba ya amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin biyu. Ra'ayina shi ne duk wanda ya ɗaga waya a gaban wata halitta a daji ya ɗauki kansa a matsayin mai ba da shaida, wanda wasu za su dogara da abin da ya kawo musu.

Abin da ya sa na ba lamarin nauyi haka yana cikin yanayin halittar kanta. Laimar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza, ba ta cikin dangin tsirrai, ko da yake daga ƙasa take fitowa. Tun a shekarar 1969 masanin halittu Robert Whittaker ya ware fungai, wato dangin halittun da laimar kwaɗi take ciki, a matsayin rukuni mai zaman kansa, kuma binciken ƙwayoyin gado da ya biyo baya ya nuna cewa sun fi kusanci da dabbobi a kan tsirrai. Ba sa haɗa abincinsu da hasken rana. Suna narkar da ganye da itace da sauran abubuwan da suka mutu, ko kuma su ƙulla hulɗa da saiwar bishiya, su ba ta ruwa da sinadaran ƙasa, ita kuma ta ba su sukari. Yawancin tsirran da ke doron ƙasa suna da irin wannan hulɗa da fungai. Laimar da muke gani tamkar ɗan itace take a jikin bishiya, ita kuwa bishiyar zaruruwa ce sirara da ke shimfiɗe a cikin ƙasa ko a cikin ruɓaɓɓen kututture, kuma tana iya rayuwa shekaru masu yawa ba tare da ido ya gan ta ba. A jihar Oregon ta Amurka akwai wata guda ɗaya daga jinsin Armillaria wadda zaruruwanta suka mamaye fili da ya haura murabba'in kilomita 9.

Nau'o'in fungai da masana suka raɗa wa suna kawo yanzu sun kai kusan 150,000, alhali rahoton da cibiyar binciken tsirrai ta Kew da ke Landan ta fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa akwai kimanin miliyan 2.5 a duniya. Ke nan fiye da kashi 90 cikin 100 ba su da suna a kundin kimiyya. Laimar kuma ba ta daɗewa. Wata takan fito da asuba, kafin rana ta faɗi ta yamutse. Masu bincike ba su da yawan da za su kasance a kowane daji a safiyar da ta fito, amma mai tattaki da wayarsa yana nan a lokacin. Idan ya ɗauki hoton da ba a iya gane komai daga cikinsa, an rasa wannan dama sai wata shekara, idan ma ta sake fitowa a wurin.

Hoton da zai yi amfani yana farawa ne da durƙusawa. Bayan an ɗauki saman hular, wajibi ne a ɗauki ƙarƙashinta, domin a can ne ake samun babban abin da ke raba iri da iri: wasu suna da tsage-tsage sirara da suka taso daga kara zuwa bakin hula, wasu ƙananan ramuka ne jingim, wasu kuma tsinaye ne ke rataye. Yadda tsage-tsagen suka haɗu da karan, ko sun manne masa, ko sun gangaro a jikinsa, ko sun tsaya nesa da shi, duk abin lura ne. Ƙaramin madubi da za a ajiye a ƙarƙashin hular yana ba da damar ɗaukar wannan ba tare da an tsinke ta ba, haka ma kyamarar gaba ta waya idan aka kwantar da ita a ƙasa. Daga nan sai karan gaba ɗayansa, a ga ko yana da zobe, sannan a share ganye da ƙasa a hankali a ga gindinsa, domin wasu daga cikin mafi muni a masu guba suna da wani kwanso da ya naɗe gindin, wanda sau da yawa yana binne. Sai a ja da baya a ɗauki inda ta fito, ko a jikin itace ne, ko a ciyawa, ko a kan kashin dabba, kuma wace bishiya ce a kusa da ita. A ajiye wani abu da kowa ya san girmansa a gefenta, ko da yatsa ne. Idan akwai ƙanana da manya a wuri ɗaya, a haɗa su, domin laima tana sauya kamanni sosai tsakanin fitowarta da tsufanta.

Game da haske, safiya ko lokacin da hadari ya rufe rana ya fi dacewa, saboda rana tsaka tana wanke launin farar hula har ba a ganin zanen da ke kanta. Ina kuma roƙon masu son ƙara wa hoto launi da manhaja da su ajiye na asali, su wallafa shi tare da wanda suka gyara, domin launin da aka ƙara yana iya sa masani ya ba da sunan da ba daidai ba. Akwai kuma abubuwan da kyamara ba ta kamawa, irin su ƙamshi ko wari, da santsin hula, da sauyin launi idan aka ɗan murza naman, da ruwan da wasu ke fitarwa idan aka karce su. Waɗannan sai a rubuta su nan take, tun kafin a bar wurin.

Wanda ke son wuce nan zai iya gwada launin ƙurar iri, wato ƙananan ƙwayoyin da laimar ke yaɗuwa da su. Ana kifa hular a kan takarda, a rufe ta da kofi, a bar ta ta kwana, da safe sai a tarar da zanen ƙurar a kan takardar. Wannan ɗan gwaji yana da muhimmanci ƙwarai. Akwai wata babbar farar laima mai suna Chlorophyllum molybdites da ke yawan fitowa a filayen ciyawa na ƙasashe masu zafi, tana kama da wasu da ake ci, amma tana jawo amai da gudawa masu tsanani, kuma abin da ke tona ta shi ne ƙurarta koriya ce.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da ta fi tayar mini da hankali, wato ko ana cin ta. Babu wanda ya isa ya ba da wannan izini daga hoto, ko mutum ne ko manhaja, kuma duk wanda ya amsa wa baƙo da cewa ya ci, alhali hoto ɗaya kawai ya gani, ya ɗauki alhakin ran da ba nasa ba. Laimar da ake kira Amanita phalloides ita ce ke haddasa mafi yawan mace-macen da ke biyo bayan cin laimar kwaɗi a duniya, kuma ba ta da wata siffa mai ban tsoro. Dafuwa ba ta kashe gubarta, bushewa ma haka. Mafi muni shi ne alamun ba sa bayyana sai bayan awa 6 zuwa 24, sannan mutum yakan ji sauƙi na ɗan lokaci har ya zaci ya warke, alhali a lokacin ne hantarsa ke lalacewa. Maganganun da ake yaɗawa cewa idan ƙwari sun ci to mutum ma zai iya ci, ko cewa mai guba tana baƙanta cokalin azurfa, duk ba su da tushe. Manhajojin gane hoto suna da amfani wajen nuna wa mai koyo dangin da zai fara dubawa, amma suna kuskure, kuma kuskurensu ya fi yawa a yankunan da ba a tara hotuna masu yawa daga cikinsu ba.

Akwai muhawara a kan ko ya dace a tsinke laima don a duba ta, kuma a nan ba na tare da masu tsaurin ra'ayi. Wani dogon bincike da aka gudanar a wani daji a Suwizalan na kusan shekara 30, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa tsinkar laima ba ta rage yawan wadda ke fitowa a shekarun da ke biye ba, amma tattake ƙasar wurin ya rage. Saboda haka ƙafa ce abin tsoro fiye da hannu. Ayarin mutum goma da suka bar turba suka kewaye laima guda suna neman kusurwa mai kyau sun fi ɓarna a kan wanda ya ciro ɗaya daga cikin ashirin don ya ga gindinta. Duk da haka, idan ita kaɗai ce a wurin, a bar ta ta zubar da irinta, kuma a gandun da hukuma ke karewa ba a cire komai sai da izini. A yi hattara kuma da inda ake sa hannu, musamman a gindin suri da ƙarƙashin kututture, domin macizai da kunamu suna fakewa a irin waɗannan wurare. Shi suri wuri ne da ya cancanci a tsaya a kansa, saboda wasu nau'o'in gara suna noma fungai na jinsin Termitomyces a cikin gidajensu, kuma ɗaya daga cikin laimomin wannan jinsi, wadda aka bayyana daga Zambiya a 1980, hularta tana iya kai faɗin mita ɗaya.

Tsirrai kuwa hukuncinsu dabam ne, domin wanda ya tumɓuke tsiro ya kashe shi. Babu ma buƙatar hakan, tun da abin da ake nema yana bayyane: yadda ganye ya jeru a jikin reshe, ko biyu-biyu suna fuskantar juna ko ɗaya bayan ɗaya, da bakin ganyen, da bayansa, da fure ta gaba da ta gefe, da 'ya'ya, da ɓawon bishiya, da surar tsiron duka. Abin da ya fi burge ni a wannan ɓangare shi ne yadda yake koya wa mutum bambance tsiron asalin wuri da wanda aka shigo da shi. Mutane da yawa a Afirka suna ɗaukar darbejiya da mangwaro a matsayin 'yan gida, alhali daga kudancin Asiya suka zo, yayin da kuka da ɗorawa da kaɗanya da gawo su ne na asali. Wannan bambanci ba ya nufin ƙin baƙon tsiro, amma ƙwari da tsuntsaye da fungai na kowane yanki sun shafe dubban shekaru suna rayuwa tare da tsirran asalinsa, kuma wasu baƙin, irin su Lantana camara da ta fito daga nahiyar Amurka, suna mamaye fili su hana na gida tasowa. Mai ɗaukar hoto da ke bin turba ɗaya a kai a kai shi ne zai fara lura da irin wannan mamaya. Shi ne kuma zai ga abin da ziyara ɗaya ba ta nunawa, misali yadda gawo ke zubar da ganyensa da damina ya yi kore shar da rani, saɓanin yawancin bishiyoyin da ke kewaye da shi.

Hoton da aka ɗauka da wannan kulawa bai kamata ya tsaya a shafin mai shi kaɗai ba. Dandalin iNaturalist, wanda ya fara a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, yana karɓar hoto tare da rana da wuri, wasu masu sani su duba su tabbatar da sunan, kuma bayanan da aka amince da su suna shiga GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da ke Kopenhagen, inda masu bincike daga ko'ina suke ɗiba. Rana da wuri su ne ke mayar da hoto bayanin da kimiyya za ta iya aiki da shi, don haka a kula agogon waya ya kasance daidai.

Sai dai batun wuri yana da gefe mai haɗari. A Afirka ta Kudu, masu satar tsirrai sun yi wa ƙananan tsirran hamada na jinsin Conophytum mummunar ɓarna don sayar wa masu tara su a ƙasashen waje, kuma wasu daga cikin waɗannan nau'o'i a ɗan fili ƙanƙane kaɗai suke rayuwa a duk duniya. Bayanin wuri da aka wallafa da kyakkyawar niyya yana iya zama jagora ga irin waɗannan mutane. Shi ya sa iNaturalist ke ɓoye takamaiman wurin nau'o'in da ke fuskantar barazana, ya kuma ba kowa damar ɓoye nasa da kansa. Idan na ci karo da tsiron da na ga ba shi da yawa, yankin kawai nake ambata a bainar jama'a, in kuma tabbatar hoton bai nuna wani dutse ko gada da za a gane wurin da su ba, cikakken bayanin kuma in ajiye shi ga mai binciken da ya nema ya kuma faɗi abin da zai yi da shi.