Sayen na'urar auna hayaƙi somin-taɓi ne

Duk Bahaushen da ya tashi a Karantina, can kudancin Jidda, ya san yadda maƙwabtaka da matatar mai take, kafin a rufe ta a 2017. Shi ya sa batun auna hayaƙin masana'antu ya shafe mu kai tsaye, musamman tunda Saudiyya ta yi alkawari a 2021 cewa zuwa 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa.

Inda nake da ja shi ne yadda ake lissafin kuɗin aikin. Mai masana'anta yakan dubi farashin na'urar kaɗai, alhali tun kafin ta fara aiki sai an huda bututun hayaƙi, an kafa tsani da dandamalin da ma'aikaci zai tsaya a can sama, wanda sau da yawa ba ya yiwuwa sai an dakatar da aiki. Daga nan a ja tiyo mai ɗumi da zai kawo hayaƙin ƙasa wurin na'urar, domin idan tururi ya koma ruwa a hanya, zai shanye wani kaso na iskar farar wuta da ake aunawa a cikin hayaƙin, awon ya fito ƙasa da gaskiya. Ita kanta na'urar tana bukatar ɗaki mai sanyi dare da rana, kuma wanda ya san bazarar Jubail ko Yanbu, inda hukumar masarauta ke kula da masana'antu tun 1975, ya san abin da hakan ke ci.

Sai kuma ɗawainiyar yau da gobe, wadda ita aka fi mantawa da ita. Kullum ana gwada na'urar da gas na musamman da ke cikin tukwane masu wa'adi, ƙura tana toshe matatanta, ƙwararren da ke kula da ita yana jiran albashi, masu bincike na waje kuma suna zuwa tabbatar da sahihancinta.

A ganina, na'urar da aka bari ba kulawa ta fi rashinta illa, domin tana ba hukuma lambobin da za a amince da su alhali yaran unguwa suna tari. Ya kamata hukumar kula da muhalli ta nemi kasafin kulawa na shekara goma kafin ta ba da lasisi, ta kuma riƙa wallafa sakamakon awon inda mazauna kusa da masana'antar za su gani.