Finjalin Saudiyya da kofin mai shayinmu

A wata walimar aure da aka yi a nan Riyad, an miƙa wa wani dattijo cikin mutanenmu finjalin gahawa. Bai daɗe da sauka ƙasar ba. Ya leƙa ciki ya ga abin da aka ɗiga masa ko maƙoshi ba zai jiƙa ba, sai ya mayar wa mai zubawar, ya yi masa nuni da yatsa cewa a cika. Wani saurayi Balarabe da ke gefe ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce wa abokinsa ai mutanen Afirka da bokiti suke sha. Dattijon ba ya jin Larabci, mu da muke ji mu maganar ta soka.

Dattijon bai san cewa a wurin mutanen nan cika wa baƙo finjali kora ce ba. Ma'anarsa sha ka tashi, mun gaji da kai. Shi kuma saurayin bai san cewa a inda dattijon ya fito, rabin kofi rowa ce. Kowannensu da uzurinsa, amma ɗaya ne ya yi dariya.

Bari in fara ba gahawarsu haƙƙinta, don aiki ne na gaske. Wanda ya saba da baƙar Nescafé ba zai ma gane ta ba idan ya gani, domin launinta ruwan zuma ne mai haske, wani lokaci har da ɗan kore-kore. Sirrin yana wurin suya. Ana zuba ɗanyar ƙwayar a wani faffaɗan kasko mai dogon mariƙi da suke kira mihmas, a riƙa juyawa a kan wuta marar ƙarfi, a sauke tun ƙwayar tana ruwan ƙasa mai haske, kafin mai ya fito mata. Idan aka bari ta yi baƙi, an fita daga gahawar Saudiyya an shiga ta Turkawa ko ta mutanen Sham. Ko a cikin ƙasar akwai bambanci: mutanen kudu, wajen Jazan da Asir, suyarsu ta fi haske kuma suna son citta da kirfa da kanumfari, na arewa sun fi ƙona ta, na Najad suna tsakiya. Ƙwayar kuwa, a kasuwa za ka ji ana cigiyar Harari ta Habasha, ko Khaulani da ake nomawa a duwatsun Jazan da Yaman.

Bayan ta huce sai a ɓarza, kada a niƙa ta yi luƙui. Garin da ya yi laushi ba ya kwantawa, yana bin ruwan ya shiga finjali ya dame shi. A da a turmin tagulla ake dakawa, kuma ƙarar taɓaryar ita ce sanarwa ga maƙwabta cewa an ɗora gahawa. Yanzu inji ne a yawancin gidaje.

Awon da aka fi bi shi ne lita ɗaya ta ruwa, cokalin cin abinci uku na garin gahawa. Sai ruwa ya tafasa, a sauke ko a rage wuta, sannan a zuba garin. Wanda ya zuba a cikin ruwan da ke tsalle zai ga kumfa ta taso ta kife masa a kan murhu. Daga nan a bar ta tana dahuwa a hankali minti 10 zuwa 15, a sauke, a ba ta kamar minti 5 garin ya kwanta. Hel, wato ɗan ƙamshin nan mai koren ɓawo, ba a dafa shi tare da ita. Ana ɓarza kamar cokali ɗaya ko biyu a zuba a butar da za a kai wa baƙi, da 'yan silin za'afaran, sannan a tsiyayo gahawar a kai. Idan aka tafasa hel ya daɗe, ƙamshin ya bi tururi, ɗacin ya zauna. Za'afaran kuma idan ya yi yawa, sai ka ji kamar kana shan magani. Kanumfari ƙwaya uku ko huɗu sun isa lita guda. Sukari ba ya shiga ko kaɗan, dabino ne ke yin aikinsa: a gutsuri dabino, a kurɓi gahawa.

Butar ita ce dalla, mai siririn ƙugu da dogon baki lanƙwasasshe. A bakin ana cusa ɗan zaren bishiyar dabino, lif, ya tare ɓawon hel. A ofisoshi da gidaje da yawa filas ya maye gurbinta, kuma yana da nasa aibin. Gahawar da ta kwana biyu ba a maganarta, ko awa uku ta yi a rufe za ka ga ta fara duhu, ɗanɗanon ya koma tsami-tsami. Filas ɗin da aka taɓa zuba wa shayi mai madara kuwa, ya tashi daga aiki.

Finjalin shi ne ya haɗa duk wannan. Ƙaramin tangaran ne, ba shi da mariƙi, gindinsa matsattse, bakinsa a buɗe. Abin da ake zubawa ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kamar cokalin cin abinci ɗaya da rabi zuwa biyu. Duba abin da wannan ke haifarwa. Tunda ƙasa kawai ruwan ya kwanta, saman finjalin ba ya ɗaukar zafi, yatsu uku za su riƙe shi lafiya lau. Da an cika, ba inda za a kama. Buɗaɗɗen bakin yana sa ɗan ruwan ya huce nan da nan, a sha da ɗuminsa ba tare da hurawa ba, kuma kafin ya kai leɓe hanci ya riga ya shiga cikin finjalin, ƙamshin hel ya iso tun harshe bai taɓa ba. Sannan sauran gahawar tana cikin buta da zafinta, kowane zubi sabo ne. Zuba wannan gahawar a dogon kofin takarda, kamar yadda ake yi a gidajen mai a kan hanyar Makka, ka ji yadda take komawa: kurɓin farko ya ƙona harshe, na ƙarshe ya yi sanyi, warin takarda ya danne ƙamshin. Abu ɗaya ne aka dafa, mazubi ya raba su.

Miƙawar ma da tsarinta. Mai zubawa a tsaye yake, dalla a hannun hagu, finjalai a jere cikin juna a hannun dama. Da dama yake miƙawa, da dama ake karɓa. Ana farawa da babban baƙo ko wanda ya fi shekaru, in ba haka ba a bi daga dama. Ba ya tafiya, yana nan yana jira ka shanye ka miƙo ya ƙara. Idan ka ƙoshi, ka ɗan girgiza finjalin tsakanin yatsunka kafin ka mayar. Wanda bai san wannan ba zai yi ta sha har cikinsa ya ɗauki ƙugi. An fi tsayawa a uku. Larabawan ƙauye har sunaye suka ba finjalan: haif shi ne wanda mai gida ke fara sha don a san ba cuta a ciki, daif na baƙunta, kaif na jin daɗi, saif kuma na takobi, wanda ya sha shi ya ɗauki alkawarin tsayawa tare da mai gida idan faɗa ya tashi. Baƙon da ya ajiye finjalinsa a ƙasa bai sha ba, yana nufin da buƙata ya zo, ba zai sha ba sai an amsa masa. Har yanzu masu neman aure a wasu ƙabilu suna yin haka.

Rowa kam ba ita ba ce. Shaida ita ce bayan gahawa shayi ke biyowa a 'yan kofunan gilashi, shi kuma cika shi suke yi. Hukuma ma ta ɗauki abin da muhimmanci. A 2015 UNESCO ta sanya gahawar Larabawa cikin jerin al'adun duniya da sunan Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Oman da Katar. Saudiyya ta ayyana 2022 a matsayin shekarar gahawarta, har aka umarci gidajen abinci su riƙa rubuta gahawar Saudiyya a maimakon ta Larabawa.

To, duk na yarda. Amma a tambaye ni wanne ya fi karrama ɗan Adam, ba zan yi dogon tunani ba.

Finjali ma'auni ne na matsayi. Kafin a ce uffan a majalisa, hannun mai zubawa ya gama faɗa wa kowa inda yake: wane ne na farko, wane ne na bakwai, wane ne sai an zagayo. A gida na iyali abin yana da kyau, ɗan mai gida ne ke tsayawa, tarbiyya ce. A manyan ɗakunan biki kuwa hayar masu zubawa ake yi, a sa musu fararen kaya da ɗamara, su yi awanni a tsaye, kuma da yawansu baƙin ma'aikata ne irinmu. Ana yabon al'adar da cewa tana sa a tsaya a kan baƙo ana yi masa hidima. Ba a cika tambayar wanda ke tsayen ba.

A bencin mai shayi wanda ya riga zuwa shi ake fara haɗa wa. Ɗan acaɓa da malamin makaranta da mai gadi da alhajin da ya faka mota, kofi ɗaya ake ba su, kuma cike. Kai za ka faɗi yadda kake so, haɗin kauri ko ruwan bunu, ba wata alama da za ka koya kafin a daina yi maka dariya. Kuma kada wani ya ce namu ba hikima a ciki. Babban kofi yana riƙe zafi, shi ya sa ake sheƙawa daga sama tsakanin kofi biyu: zafin ya sauka, madara da sukari su haɗe, kumfa ta tashi. Girman kofin ma da dalili, abin karin kumallo ne na mutumin da zai yini yana aiki, sai ya zama burodi zai iya nutsewa a ciki. Gahawa ba ta yi wa kowa alkawarin ƙoshi ba. In kuma ƙaramin kofi da jira ake taƙama da su, a leƙa fadar samari a Zindar ko Agadas a ga yadda ake dafa shayi zubi uku a kan gawayi. Saurayin nan mai maganar bokiti bai taɓa jin labarinsu ba.

Na san abin da za a ce. Sukarinmu ya yi yawa, kuma ciwon suga ba wasa ba ne. Ruwan da ake ɗauraye kofuna a teburin mai shayi, a bar kaza cikin gashinta. Kofin roba da tafasasshen ruwa ma ba abokan juna ba ne. Waɗannan duk gyararru ne, sabulu da kofin silba sun isa. Abin da ba a sayowa a kasuwa shi ne wurin da mutum zai zauna ba tare da an gayyace shi ba. A nan majalisa sai da gayyata, shagunan gahawa na zamani kuma sai da mota da kuɗi, kowa da wayarsa a gabansa. Ba inda za ka ce wa mai kaya ya rubuta sai ƙarshen wata, ya rubuta, gobe ma ka dawo ya yi maka maraba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mu da kanmu. Kowace shekara alhazai suna jidar dalla mai ruwan zinare da finjalai dozin-dozin a matsayin tsaraba. Yawancin waɗannan na ado ne, ba a ɗora su a wuta, rufin yana ɓarewa, sai su ƙare a cikin kabad ɗin gilashi. Su kuwa mutanen Hijaz sun daɗe suna cin tsiren da Hausawan Makka da Jidda suka kawo musu, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, suna layi a kansa. Ba mu taɓa yi wa wani dariya don bai iya cinsa ba.

Sai kuma yaranmu da aka haifa a nan. Yaro ɗan shekara goma ya iya riƙe dalla da hagu, ya san wanda zai fara ba, ya san bai kamata ya zauna ba sai baƙo ya girgiza. Larabcinsa ba ya bambanta da na 'yan unguwa. Amma a ƙasar nan haihuwa ba ta ba da ɗan ƙasa, ta wurin uba ake gado, don haka takardarsa ta zama ce da ake sabuntawa, fasfonsa na Najeriya ko na Nijar. Ranar da aikin uban ya ƙare, jirgi zai hau zuwa garin da hutu kawai yake kai shi. A can za a miƙa masa cikakken kofi ya kurɓa sau biyu ya ajiye, kawunansa su ce yaron nan Balarabe ne, ya raina abincinmu. Iyaye da yawa a nan suna kashe kuɗi a kan makarantar Turanci da ta haddar Alƙur'ani, amma a cikin gida da Larabci suke yi wa yaran magana, wai don kada su sha wahala a waje. Yaron da ba zai iya gaishe da kakarsa da Hausa a waya ba sai an tsaya ana fassara masa, wannan ba laifin Saudiyya ba ne.