Hadda ce ta gurgunta karatun aikin jarida, ba yawan ra'i ba

Tun daga 2020, lokacin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, a ƙarƙashin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed, ta raba digirin koyon aikin jarida da sadarwa gida bakwai, ake ta rera wata waƙa wadda har yau ba a gaji da ita ba, cewa an cika ɗalibai da ra'o'in Turawa, wato bayanan masana kan yadda kafafen labarai ke aiki, don haka a rage surutun aji a miƙa wa yara kyamara da kwamfuta. Ba ni da ja game da rabon kansa, domin aikin jarida daban, hulɗa da jama'a daban, talla daban, shirin fim daban, kuma cusa su duka a cikin shekara huɗu bai taɓa zama hikima ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dalilin da masu tafi suke bayarwa, da yadda wannan dalili ya zama abin da shugabannin gidajen rediyo da iyaye da su kansu ɗaliban suke maimaitawa kamar an gama magana.

Hujjarsu guda ce, kuma kowa ya san ta: ana yaye ɗalibi da digiri amma bai iya tace murya ba, bai iya rubuta kan labari ba, bai san inda zai tsaya da kyamara ba. Wannan gaskiya ne, sai dai abin da ake kuka a kansa ɗin yaro mai ƙwazo yana koyonsa cikin wata uku a kowane ɗakin labarai, yau ma har a wayarsa yana koya. Abin da ba ya koyuwa a wata uku shi ne sanin dalilin da ya sa wani labari ya hau kan gaba wani ya faɗa kwandon shara, da sanin wanda ke amfana idan duk gari ya wayi gari yana zancen abu guda. Ɗan jaridar da ya ƙware a na'ura amma ba shi da wannan sani, tela ne da ya iya taka keke bai iya yanka ba, kuma har abada sai dai ya ɗinka abin da wani ya yanka masa.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, a mafi yawan sassan koyon aikin jarida na jami'o'inmu ba a koyar da ra'i, haddace shi ake yi. Ɗalibi zai zauna a ɗakin jarrabawa ya zubo sunayen Siebert da Peterson da Schramm, ya rubuta 1956, ya jero tsare-tsaren jarida huɗu da suka fitar, har da na Tarayyar Sobiyet wadda ta rushe tun 1991, ya samu makinsa ya fita. Tambaye shi a wanne daga cikin huɗun zai ajiye gidan rediyon gwamnatin jiharsu, wanda ba ya iya sa muryar ɗan adawa, ko tashar ɗan kasuwa wadda ke rayuwa da kuɗin 'yan siyasa, sai ka ga ya yi zuru. Idan shekarar ƙarshe ta zo kuma, sai ya ɗauki taken da dubban ɗalibai suka riga shi ɗauka, tasirin kafafen sada zumunta a kan karatun ɗalibai, ya buga takardar tambayoyi ya raba wa abokan ɗakin kwanansa, ya liƙa sunan wani ra'i a babi na biyu wanda ba zai sake waiwayarsa ba har ƙarshen kundin. Wanda ya ga wannan ya ce ra'i ne ya yi yawa, bai fahimci abin da ya gani ba.

A ɗauki ra'in mai tsaron ƙofa, wato wanda ke zaɓar labarin da zai fita da wanda ba zai fita ba. A 1950 David Manning White ya wallafa binciken da ya yi a kan editan wata jarida a Amurka, wanda ya roƙa ya adana duk labaran da ya ƙi bugawa na tsawon mako guda, ya kuma rubuta dalilinsa a jikin kowanne. Editan ya watsar da kusan kashi 90 cikin 100 na abin da ya shigo masa, kuma da yawa daga dalilan nasa son rai ne kawai. Bincike ne mai sauƙi, ba ya buƙatar kuɗi, amma ina malamin da ya tura ɗalibansa su yi irinsa a Kano ko Kaduna ko Sakkwato? Da an yi, da an gano cewa a tashoshi da dama mai tsaron ƙofar ba edita ba ne, sashen kasuwanci ne. Fili ake saye, mai gabatarwa ya kunna na'ura, sojan baka ya zauna ya yi ta yabon ubangidansa yana zagin abokin hamayya, kuma babu editan da ya isa ya yanke kalma tunda an riga an biya. Da an gano kuma cewa akwai wata ƙofar a bakin zauren taron manema labarai, inda ake zagaya takarda kowa ya rubuta sunansa da na gidan da ya turo shi, sannan a bi da ambulan da sunan kuɗin mota. Waɗannan abubuwa ɗalibi zai tarar da su a makonsa na farko a bakin aiki, kuma ilimin da zai ba shi damar gane su ya ƙi su yana nan a cikin darasin da ake cewa a rage.

Haka batun saita alƙiblar zancen jama'a, wanda McCombs da Shaw suka gwada a zaɓen Amurka na 1968 suka wallafa a 1972. Abin da suka nuna shi ne, batutuwan da kafafen labarai suka fi nanatawa su ne masu zaɓe suke ɗauka a matsayin mafi muhimmanci. Duk wanda ya taɓa sauraron shirye-shiryen siyasa na dare a Kano, sannan ya zauna a teburin mai shayi washegari, ya ga wannan ra'i yana tafiya da ƙafafunsa, domin zancen da aka kwana da shi a rediyo shi ake karyawa da shi, ko da kuwa famfon unguwa ya yi wata shida bai kawo ruwa ba. Da gwamnatin Kano ta sanar a 2025 cewa an hana watsa shirye-shiryen siyasa kai-tsaye, muhawarar da ta biyo baya ta ƙare ne a kan wa ke goyon bayan gwamnati, wa ke adawa da ita. Tambayar ainihi, wato ina 'yancin kafa ya tsaya ina alhakinta ga al'umma ya fara, kuma wa ke da hurumin shata iyakar, tsohuwar tambaya ce da hukumar Hutchins, wadda ta yi nazarin 'yancin jarida a Amurka, ta yi wa rahoto tun 1947, kuma tana cikin manhajar kowane sashe.

Misalin da ya fi ba ni takaici shi ne na rigakafin shan-inna. A 2003 aka dakatar da allurar a Kano saboda jita-jitar cewa tana hana haihuwa, ba a koma ba sai a 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Sanarwar rediyo da allunan kan titi ba su warware matsalar ba, sai da aka koma ga sarakuna da malamai da masu unguwanni, aka kuma samo maganin daga Indonesiya. Masanin zamantakewa Lazarsfeld da abokan aikinsa sun bayyana wannan tun daga binciken da suka yi a jihar Ohio ta Amurka a zaɓen 1940, cewa saƙo yakan bi ta hannun waɗanda jama'a suka yarda da su kafin ya shiga zukata. Ga darasi a ƙofar gida, da rayukan yara a cikinsa, amma ɗalibinmu Ohio ya haddace. Marigayi Farfesa Frank Ugboajah na Jami'ar Legas ya daɗe da yin rubutu a kan hanyoyin sadarwa na baka na gargajiya, irin su sanƙira da kasuwa da dandali, sai dai shi ma an mayar da shi tambayar jarrabawa mai maki biyar.

Akwai masu cewa tunda ra'o'in nan na Turawa ne, a watsar da su baki ɗaya a ƙirƙiro namu, kamar dai ana ƙirƙiro ra'i ne a taron kwana biyu a otal. Sai ka gwada na wani a ƙasarka, ka ga inda ya karye, sannan naka yake fitowa, kuma gwajin ne ba mu yi ba.

Sai kuma batun harshe, wanda ya isa a ce abin kunya ne. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya tun 1939, Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, shekara huɗu kafin a buɗe makarantar koyon aikin jarida ta Jackson a Jami'ar Nsukka a 1961. Aikin jarida da Hausa ya girmi karatun aikin jarida a jami'o'in ƙasar nan, kuma mafi yawan ɗaliban arewa da za su samu aiki, a tashoshin da ke magana da Hausa za su samu. Amma ana kwashe shekara huɗu ana horar da su da Ingilishi, sannan a sake su su riƙa fassara sanarwar gwamnati kalma bayan kalma, har mai sauraro ya rasa inda labarin ya dosa. Wannan ma ba kyamara ce za ta gyara shi ba.

Sabuwar manhajar da NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da sauran takwarorinsu suna da tashoshin rediyo a harabarsu, suna kuma zaune a tsakiyar masu sauraron da babu irinsu a ƙasar. Su cika wannan gurbi da rubutun labari da Hausa, da tura ɗalibai ɗakunan labarai da majalisun unguwa su gwada abin da suka karanta, kuma duk kundin da aka gina a kan tambayoyin da aka raba wa abokan ɗakin kwana a mayar wa mai shi ya sake.