Cek ɗin da ya cinye min tafiya huɗu

Kun dai san Injiniya, tunda ya dawo daga Italiya ba mu huta ba. Ranar Asabar bayan la'asar ya zo majalisa da allon ches a hammata, wai yau sabon salo za a yi, mai ƙarin tafiya. Fari ya yi ɗaya, baƙi ya yi biyu a jere, fari uku, baƙi huɗu, haka ake ta hawa. Wanda aka yi wa cek, wato aka kai wa sarkinsa hari, dole ya kuɓutar da sarkin a tafiyar farko, in babu hanya an kashe shi ko da tafiya goma ce a hannunsa. Ya ƙara da wani bayani kan tsarin Sikotilan da na Italiya, amma lokacin ina fama da ɓawon gyaɗa. Na ce, "Injiniya, shekara 20 ina wannan abin. A jera kawai."

Wasan farko ba sai na ja shi ba. Ni ne baƙi. Ya tura soja e4, na amsa da e5 da doki c6 kamar mutumin kirki. Ya ɗora bishof a c4, sarauniya a h5, ta ci f7. Shi ke nan. Shayina ma ba a gama sheƙa shi ba. Na ce wannan gwaji ne.

Na biyun ne ya hana ni barci. Ni ne fari, na buɗe da e4, ya yi d5 da doki c6. Na samu tafiya uku, sai na hango hanya fetal: sarauniya g4, ta ci bishof a c8, ta ci sarauniyarsa a d8, cek! Har na juya ina neman wanda ya gani. Ya yi huɗunsa ba hayaniya: hasumiya ta ci sarauniyata, soja ya ci e4, doki d4, ɗaya dokin f6.

Yanzu tafiya biyar ke hannuna. Biyar fa. Na gyara hula, na ɗauki bishof daga f1, na zuga shi har b5, na buga shi a allo da ƙarfi na ce "Cek!" don in fara da ba shi tsoro. Na miƙa hannu zan ɗauki doki in ci gaba, sai ya riƙe min wuyan hannu a hankali, irin riƙon da ake yi wa yaro zai taɓa garwashi.

"Yallaɓai, ka gama."

"Na gama me? Saura huɗu."

"Tsarin Sikotilan muke yi. Da ka ce cek, sauran sun ƙone."

Ashe abin da ya faɗa ke nan ina cin gyaɗa. Dalilin ma a fili yake: in an bar mutum ya yi cek ya ci gaba, tafiya ta gaba sarkin zai ɗauke. Shi ya sa masu iyawa ke ajiye cek sai a tafiyar ƙarshe. Na tambayi na Italiya fa? Ya ce a can ba a ma yarda ka yi cek ba sai a tafiyar ƙarshe. Na ce to ai shi ke nan, tafiyata haramtacciya ce, a mayar min da bishof ɗina, kai da ka zauna a Italiya me ya haɗa ka da Sikotilan? Majalisa ta ƙi.

Mai ƙarfin murya a masu ƙin kuwa Alhajin Dara ne. Mutumin nan bai san doki daga jaki ba a allon ches, bishof ma "liman" yake ce masa, amma tun da aka fara yana tsaye a kaina yana numfashi a ƙeyata yana cewa "ba haka ake yi ba." Wannan ne fa ya ari tsanina tun daminar bara zai gyara indararo. Duk sanda na tambaya sai ya ce yana wurin surukinsa. Surukin na Gusau. Ta yaya tsani ya je Gusau? Shi ne yau ya zama alƙali, har da ɗaga yatsa, wai taɓa tsinke ya taɓu, ko a dara ba a fasawa.

Injiniya ya yi shidansa, kuma yana ƙirgawa da baki. Ɗaya, soja c6, ya tare cek ɗin. Dokinsa na d4 na iya cin bishof ɗina, bai ko kalle shi ba, wannan rainin ya fi komai ƙona min rai. Biyu, soja e3. Uku, soja e2, ya zo ya zauna a gaban hancin sarkina, ya toshe d1 da f1, doki na gadinsa. Huɗu, ɗaya dokin d5. Biyar, ya wuce b4. Kafin ya ce shida Alhajin Dara ya riga shi, alhali na rantse bai san abin da zai faru ba. Dokin b4 ya ci c2. Na duba hagu, na duba dama, sarki ba wurin motsi. Bishof ɗina na can b5 shi kaɗai kamar wanda ya yi ɓatan hanya a gidan biki.

Ina tattara 'ya'yan allo sai ɗan yayata, wanda na aika sayo ƙanƙara, ya ce, "Kawu, da ka kashe shi ai." Ya mayar da komai yadda yake kafin cek ɗina, ya nuna da yatsa: doki a3, doki b5, soja g3, bishof h3 ya rufe d7, doki ya ci c7. Biyar cif, sarki a mace. Injiniya ya gyaɗa kai. Yaron nan ni na koya masa yadda doki ke tafiya bara.

Na ce ina canjin ƙanƙarata. Ya ce babu canji. Alhajin Dara kuma ya ce tsanin sai bayan Sallah.