Juyawar duniya daban, jan sarari daban

Gaskiya ne a 2024 masu bincike a Vienna sun auna juyawar duniya da tagwayen ƙwayoyin haske cikin zaren gilashi mai tsawon kilomita 2 da aka naɗe kamar zobe, amma cewar da ake yi hakan ya tabbatar da ka'idar Einstein zuzutawa ce. Tasirin Sagnac suka gani, wato bambancin lokacin isowar haske biyu masu zagaya zobe mai juyi ta fuskoki masu saɓani, sananne tun 1913. Na Lense da Thirring, wanda shi ne ya fito daga ka'idar Einstein, wato duniya na juyi tana jan sarari da lokaci, ya fi wannan ƙanƙanta kusan sau biliyan. Tauraron ɗan'adam na NASA, Gravity Probe B, ma da kuskuren kashi 19 cikin ɗari ya auna shi, a sakamakon da aka fitar a 2011. Wani malam na cewa a kafa irin na'urar a Jami'ar Abdou Moumouni da ke Yamai, ina so ƙwarai, amma Yamai na kusa da ikwaita, zoben da ke kwance ba zai ji juyin sosai ba. A tsaye za a girke shi?